Allurar da Mai Gona Ya Hana

Saura kiris in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba.

Daga Albaniya na zo Girka tsinkar zaitun. Bara mura mai tsanani ta kashe wadda muke ɗaki ɗaya da ita, amma mai gonar ya hana mu allurar rigakafi.

"Duk wadda kafaɗarta ta yi tsami, ta tattara kayanta," in ji shi.

Na sulale na tafi asibiti. Sai ga mai gonar a layin allurar, ya naɗe hannun rigarsa.

"Ke bebiya, ba ki gan ni ba," in ji shi, don bai taɓa jin na yi magana ba.

Na ɗago ido. "Na gan ka, maigida."

Washegari da safe na kife kwandona a gabansa, na ja sauran matan zuwa asibitin.