Sunan Ɗan Fari

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba sai yau.

A shekarar da aka sa wa kowace unguwa ƙofa mai magana, ba a fita sai an faɗa mata sunan wanda za a je gani. Ran Talata da hantsi Inna Tasalla ta shiga layi da kwanon kunu, za ta asibiti duba ɗanta na fari.

"Wa za ki gani?" in ji ƙofar.

"Yaron nan."

"Babu mai wannan suna."

"To, Babba."

"Babu. Saura gwaji ɗaya."

Shekara talatin da huɗu ke nan kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunansa ba, ko da ita kaɗai ce a ɗaki.

"Inna, ki faɗa mana mu wuce," in ji wani tela a bayanta. "Na'ura ce fa, ba surukarki ba!"

"Kai dai bari," wata mata ta ce. "Wanda ya ƙera abin nan ba a cikinmu ya tashi ba. Da na faɗa a madadinki, Inna, amma muryarki take so."

Inna Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kai bakinta jikin ƙarfen, ta raɗa, "Lurwanu."

Ƙofar ta ce, "Ba a ji ba. Sai gobe."

Layi ya kaure da tsine wa sabis. Kafin kowa ya waiwayo, ta sulale ta nufi gida, sunan yana yi mata ɗumi a baki.