Ƙarar Rediyo

Mastura ta ƙure ƙarar rediyo, tana zuba wa Hajiya Larai gahawa. Hajiya ta zo ganin ta ne saboda ɗanta Rafi'u, ma'aikacin tashar jiragen ruwan Jidda, da ke neman aurenta. A ƙuryar ɗaki kuwa uwar Mastura ce a kulle, taɓin hankalinta ya motsa.

Sai ga kururuwa daga ƙuryar, ana dukan ƙofa.

"Wace ce?"

"Maƙwabta ne, Khala."

Hajiya ta kashe rediyon. Halas, shi ke nan, aure ya fasu, in ji zuciyar Mastura.

Hajiya ta ɗage zanenta. Ga tabon sarƙa zagaye da idon sawunta.

"Ni ma a da rediyo ake ƙure mini, 'yata. Ba sarƙa ta warkar da ni ba, wata mata ce ta zauna kusa da ni. Yalla, kawo makullin."