Zobe a Jikin Gilashi

Na ɗauki wayar ɗakin ziyara. Mijina yana bayan gilashi, cikin kayan fursuna.

Na ce, "Lauya ya ce za a iya mayar da kai ƙasarmu ka ƙarasa hukuncin. Amincewarka ake jira."

Ya sunkuyar da kai. "Inna ta gan ni haka? Gara na zauna, 'Yar Boko."

"Na gama karatu, izinin zamana ya ƙare. In na tafi, wa zai zo maka?"

Na ƙwanƙwasa gilashin da zobena, yadda yake ƙwanƙwasa tagar ajinmu a da, yana jirana da lema cikin ruwa.

Ya daɗe yana kallon zoben.

"Ki riga ni zuwa wajen Inna. Ki gaya mata a hankali."