Mai Haƙar Rijiya da Battar Taba

Tanimu, rufe battar nan ka matso. Tun da ka zauna kake cika mini baki wai ka bar sigari ka koma garin taba, kana jira in ce maka sannu da ƙoƙari. To, ba zan ce ba. Misali zan ba ka, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani mai haƙar rijiya, ƙaƙƙarfan mutum mai murya kamar aradu. In yana can ƙasa ya ce "Ja!", masu jan kwandon ƙasa a sama har zabura suke yi. Da ƙuruciyarsa mashayin sigari ne. Wata rana ya kunna kara ɗaya a gindin wata rijiya mai zurfi, inda iskar ma da ƙyar take isar mutum. Hayaƙi ya turnuƙe ramin, numfashinsa ya ɗauke, da igiya aka zaro shi kamar gawa. Da ya farfaɗo ya rantse shi da hayaƙi har abada. Sai tsofaffin sana'ar suka nuna masa tasu dabarar: garin taba da 'yar kanwa, a ɗiba a cusa tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, hannu biyu na kan dagi, aiki na tafiya. Abin ya zauna masa daram. Daga nan fa ya zama mai wa'azi, duk wanda ya gani da sigari sai ya ce, "Kana ƙona huhunka a banza. Abin da ba shi da hayaƙi ba ya cuta." Da matarsa ta yi fama da ciwon haƙori, shi da hannunsa ya ɗebi garin ya danna mata a kogon haƙorin, zafin ya lafa, ta yi ta gode masa. Haƙorin ya fita daga baya, tabar kuwa ta zauna. Har 'yar batta ya sayo mata, ta duma mai zane, yana jin daɗi a ransa, a ganinsa ya yi wa iyali gata.

Shekaru suka ja. Wani farin tabo ya fito masa daidai inda yake ajiye tabar, ba zafi ba ƙaiƙayi, ya ce kanwa ce ta ɗan ci wurin. Tabon ya fashe ya zama miki, mikin ya ƙi warkewa. To, ka ji inda wautar take: da yake ya san taba na kashe zafi, sai ya riƙa danna ta a kan mikin. Ciwo na cinsa, shi kuma yana ciyar da ciwon. Da kaluluwa ta fito masa a wuya, mai tauri kamar tsakuwa, mutanen gari suka ce ai dama, mai huda ƙasa gidan iskoki yake shiga, wata rana sai sun rama. Aka yi tsaga, aka yi turare, aka yanka baƙin zakara, damina ta wuce, rani ya bi ta. Sai da ya kasa tauna tuwo sannan ƙanensa ya kai shi asibitin birni. Likita ya duba ya girgiza kai, ya ce ciwon daji ne, tabar nan ce ta jawo shi, kuma da tun yana farin tabo aka zo, da an yi wani abu. Aka yanke abin da zai yanku, har da rabin harshe, aka sallamo shi ya jira ikon Allah a gida. Kaico! Mutumin da ya shayar da garuruwa, yanzu da tsumma ake ɗiga masa ruwa, rabi ya shiga rabi ya zubo. Muryar nan da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa ta koma gurnani, ko na kusa da shi ba ya gane abin da yake cewa.

Duk wannan ya haƙura da shi, ya san tasa ta ƙare. Abin da ya karya masa zuciya daban ne. Wata safiya matar tana ba shi kunu a cokali, ta tsaya ta ja leɓenta za ta sa taba, sai ya hango farin tabo irin nasa sak, a wuri irin nasa. Hankalinsa ya tashi. Ya riƙe hannunta, ya nuna battar, ya nuna bakinta, ya nuna nasa, yana girgiza kai hawaye na zuba. Kada ka ce ba ta gane ba, ta gane sarai. Ta share masa fuska da gefen zaninta ta ce, "Haba maigida, kar ka sa wa ranka damuwa. Likitan nan bai san iskokin rijiya ba ne. Ba kai da bakinka ka ce abin da ba shi da hayaƙi ba ya cuta ba? Ni ban taɓa jin ka yi ƙarya ba." Ta cusa tabarta, ta sake ɗaukar cokali. Ya yi ta yunƙurin janye maganar da ya yi shekara da shekaru yana shukawa, amma harshen da ya faɗe ta an baro shi a asibiti. Kafin girbi ya rasu, idonsa a kan battar da ke ƙugunta. Ita kuwa, in ji waɗanda suka je gaisuwa, tabon ya riga ya fashe, har ta fara danna garin a kan mikin.

Ka ji, Tanimu. Barin sigari ka kyauta wa kanka, amma wallahi ganin battar nan a hannunka yana ɗaga mini hankali. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.