Tulun da Aka Mayar Gida

Tunda an ɗora maka jagorancin mawaƙa, ja kujera in ba ka wani misali. A wata cocin ƙauye an yi wata tsohuwa, shekara talatin tana buga wa zumuntar mata tulu. Takan dafe shi tsakanin gwiwoyinta tana dukan bakinsa da soso, mata na rausaya. Sai ga wani matashi ya dawo daga birni da kibod, abin kiɗa mai aiki da lantarki, da sababbin waƙoƙin tashin Yesu daga matattu. A faɗi gaskiya, waƙoƙin da daɗi. Kafin Ista ta zagayo, coci ta cika har ana leƙe ta taga, 'yan acaɓa ma rera su suke a hanya. Ran nan matashin ya rusuna ya ce, "Mama, tulun nan yana danne mana kiɗa." Maganar ta soke ta ƙwarai. Ta kinkimi tulunta zuwa gida, ta zuba irin dawa a ciki, ta koma bencin baya. Ba ta yi gaba da waƙoƙin ba. Daga can take bin su da bugun cinya, har ta haddace su tsaf.

Gab da damina matar matashin ta rasu. Tsohuwa ta san makabarta na can bayan gonaki, ba wuta balle lasifika, don haka da safe ta juye irinta a tabarma, ta naɗe tulun a zane ta bi jama'a. A bakin kabari fasto ya ce a yi waƙar da marigayiya ta fi so cikin waƙoƙin mijinta, wadda ke cewa ƙasa ba za ta riƙe na Ubangiji ba. Mawaƙa suka tsaya kallon-kallo, don kullum kibod ke ɗauko musu murya. Mijin ya buɗe baki, kuka ya shaƙe shi. Masu shebur na jira, saura kaɗan a rufe baiwar Allah shiru kamar marar dangi. Tausayi ya kama tsohuwa. Ta zauna a ƙasa, ta kwance zane, ta buga tulu a hankali, ta ɗauko waƙar tasa da muryarta mai rawa. Mata suka amsa, maza suka bi, har tsofaffin da ke cewa waƙoƙin zamani hayaniya ce. Matashin ya durƙusa kusa da ita yana hawaye, ya ce, "Mama, don Allah kada ki tsaya." Ba ta tsaya ba sai da aka gama mayar da ƙasa.

Lahadin da ta biyo baya, da hannunsa ya ajiye mata kujera a gefen kibod. Kai ma ka koya wa jama'a sababbin waƙoƙi, amma ka riƙa waiwayar bencin baya, don da tsohuwar zuma ake magani.