Ma'ana Ɗaya Tak

"Baba, ashe yaudarar ɗalibanka ka yi ta yi," in ji Auta, ta tsaya ƙiƙam a gaban kujerarsa. "Kalmar run ta Turanci ma'anarta ɗaya ce tak: gudu."

Umma ta riƙo hannunta. "Ke! Mahaifin naki kike gaya wa haka?"

Auta ta fizge. Baba, tsohon malamin Turanci da ko a allon shago ya ga kuskure sai ya tsaya ya gyara, ya zuba mata ido kawai.

"Ka ce ana faɗinta in famfo na zuba, in mutum na tafiyar da kamfani, in ya tsaya takara. Duk ƙarya ce! Gobe haka zan gaya wa 'yan ajina."

Leɓensa ya fara rawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Umma ta dafe ƙirji.

"Ja... jahila," ya ce da ƙyar. "Ɗauko ƙamus."

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, ba a sake jin muryarsa ba sai yau. Auta ta durƙusa tana kuka tana dariya.

"Ƙara zagina, Baba."