Kitse a Kan Garwashi

"Kara nawa kake sha a rana, Baba?" likitar ta tambaya, tana duban hoton ƙirjinsa.

Ransa ya ɓaci. Shekara talatin yana gasa nama a tashar Argungu, taba ba ta taɓa zuwa bakinsa ba.

Da ta ji sana'arsa sai ta ajiye biro. Ta ce kitsen da ke ɗiga kan garwashi yana tashi da irin dafin da ke cikin hayaƙin taba. "Wanga huhu ba ya gyaruwa. Ka nisanci hayaƙi kawai."

Washegari da la'asar ya yanke kitsen duk ya ware gefe. Nama ya gasu tsaf, ba hayaƙi. Motocin Birnin Kebbi suka cika suka tashi, ba wanda ya waiwayo, ga baki tara na jira a gida.

Ya daɗe yana kallon tukubar. Sannan ya ɗebi kitsen ya watsa a wuta, yadda mahaifinsa ya koya masa kiran masu saye.

"Ƙamshin nan ya jawo ni," in ji wani fasinja.

Mai naman ya buɗe baki zai ce na nawa, tari ya riga shi.